Sitiyari ko hannun inji? Abin da na gani tun da muka ɗaura ma jirgin Kawu sitiyari a Zobe

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka ga jirgin Kawu da sitiyari a tsakiya mutane ke ta tambayata, wasu a waya wasu a bakin ruwa, wai abin ya yi kuwa, su ma su saya? To bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya in huta. Kayan suna aiki, ban ce na jabu ba ne, amma in jirginka ƙarami ne kuma injinka bai wuce ƙarfin doki 40 ba, wallahi ka bar hannun da kamfani ya sa ma injin, kuɗin nan ka kai su wani wurin da ya fi buƙata.

Ni a cikin garin Katsina nake amma aikina a dam ɗin Zobe yake can Dutsin-ma, wanda aka gama tun 1983 a kan kogin Karaduwa. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ke da jiragen, na faiba ne guda biyu tsawonsu kusan ɗaya, kuma kowanne Yamaha Enduro 40 ke bayansa, mai silinda biyu cc 703 wanda ake haɗa ma fetur da mai. Muna ɗaukar mutane da kaya zuwa ƙetare, buhuna ranar kasuwa, kwandunan masu noman rani, wani lokacin masunta su ɗauke mu haya mu kwaso masu kifi, ƙarfasa da tarwaɗa galibi. Abin da ya sa nake ganin ina da bakin magana shi ne jirgi ɗaya an sa mashi sitiyari ɗayan an bar shi da hannunsa, ruwa ɗaya inji iri ɗaya, kuma ni ke tuƙa su duka biyun.

Kawu ne ya so abin. Lokacin sallah baƙi kan zo a zaga da su cikin dam su yi hotuna, sai ya ce mani, "Kai ɗana, jirgin da za a ɗauki baƙi a ciki ai ba a tuƙa shi a rakuɓe can baya." Na ce, "Allah ya ƙara girma Kawu, ni dai a ganina hannun ya ishe mu, amma yadda ka ce haka za a yi." Aka yi oda daga wani shagon kayan jirgi a Legas, suka sako a mota muka karɓa a tasha.

Abin da ke cikin kwalin: sitiyarin kansa, sai wani ɗan akwatin ƙarfe da ake ɗaurawa a bayansa mai haƙora a ciki, sai dogon kebul mai kauri wanda ke tashi daga akwatin ya bi gefen jirgi har bayan inji, in ka murɗa sitiyari ƙarfen da ke bakin kebul ɗin ya fito ko ya koma, shi ke tura injin hagu ko dama. Shi ke nan. Abin da mai shagon bai gaya mana ba tun farko shi ne wannan juya jirgi kawai yake yi, totur da giya suna nan a jikin hannun inji can baya, to ka ga mutum ba ya zama a tsakiya yana juyi sannan ya ruga baya ya ƙara wuta. Dole sai an sake sayen akwatin totur da giya da wayoyinsa guda biyu da ƙananan ƙarafan da ake haɗa su da inji, sai da muka kira shi ya ce ai wannan daban ake saye, kuɗi ya kusa ninkawa. A nan ban ji daɗinsu ba ko kaɗan, wanda ke sayar da kaya ya san abin da ke tafiya da abin, ya kamata ya faɗa kafin a tura kuɗi. Amma dai kaya sun zo lafiya babu abin da ya fashe, kuma da aka kira suna ɗauka, wannan hakkinsu ne in faɗa.

Ɗaurawar ma aiki ce. Kebul ɗin nan ba a yanke shi ba a ƙara shi, yadda ya zo haka zai zauna, shi ya sa awo shi ne komai. Ana aunawa daga tsakiyar sitiyari zuwa gefen jirgi, daga nan a bi gefen har kusurwar baya, daga kusurwa zuwa tsakiyar inji, a haɗa ukun a ƙara inci 6 sannan a cike zuwa ƙafa ta gaba, don da ƙafa ake sayar da shi. In ya gaza bai kai ba, in ya yi tsawo kuma sai ka naɗe shi, naɗin nan kuwa shi ke sa sitiyari tauri. Ba a lanƙwasa shi sosai, kwanar da za a ba shi kar ta matse fiye da inci 8, wajen santimita 20 ke nan. Kafinta ya haɗa mana teburin da sitiyarin zai zauna da filawud muka shafe shi da fenti har sau nawa saboda ruwa. Sai ƙarfen da ke haɗa bakin kebul da inji, a nan ne nake roƙon duk wanda zai sa, don Allah kar ka yarda a sa maka noti na gama-gari da aka tsinto a gareji, akwai noti mai roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi, shi aka yi domin wurin. In notin nan ya faɗi jirgi na gudu, injin zai wulla gefe ɗaya ne a lokaci guda kuma sitiyarin da ke hannunka ya tashi daga aiki.

To alherinsa, don yana da shi. Na farko duk wanda ya iya mota ko ya taɓa ganin ana tuƙa ta zai kama nan take, ka murɗa dama jirgi ya yi dama. Hannun inji kuwa a juye yake, ka tura shi hagu hancin jirgi ya yi dama, kuma sabon hannu yakan rikice daidai lokacin da bai kamata ba, wato in ya tsorata. Wannan rikicin ba mu kaɗai ya dama ba, sitiyari ya shiga manyan jiragen Turawa tun farkon shekarun 1700 amma suka ci gaba da ba da umurni da lissafin sandar juya jirgi irin ta da, wadda ita ma a juye take kamar hannun inji, kyaftin ya ambaci ɓangaren da za a tura sanda ba inda hancin jirgi zai nufa ba, haka ake yi har lokacin Titanic a 1912, Ingila ba ta sauya a jiragen kasuwancinta ba sai 1933. Yaron da nake koya ma aiki da sitiyari ya fara sakin jiki, ba musu.

Na biyu kuma wanda ya fi girma a wurina shi ne zama a tsakiya. Injin nan ya haura kilo 70, ga tankin mai, ga ni, duk a baya, in jirgi ba kaya sai ka ga hanci ya ɗaga sama ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka leƙa ta gefe ko ka sa wani ya zauna gaba. Da sitiyari nauyina ya dawo tsakiya, jirgi ya kwanta daidai, ina tsaye ina hango ruwa sosai, ƙara da hayaƙi sun yi baya, kafaɗa ba ta ciwo ko an yi doguwar tafiya. Baƙi ma suna son shi, kowa sai ya riƙe an ɗauke shi hoto, a nan Kawu ya yi gaskiya.

Amma abin da na rasa ya fi wanda na samu, kuma shi ne ke da wuyar bayani ga wanda bai taɓa riƙe hannun inji ba. Hannun nan kamar linzami yake, mahayi na jin abin da ke ran doki ta tafin hannunsa tun kafin dokin ya aikata. In farfela ta fara kwasar ciyawa ina ji, jijjigar takan canza tun kafin ƙarar inji ta canza. In ƙasan injin ya fara shafar laka ina ji. In kaya sun fi nauyi a gefe ɗaya hannun na ja na, sai in ce ma mutum biyu su koma ɗaya gefen. In iska ta bugo daga gefe ina jin yadda take tura gindin jirgi kuma hannuna ya riga ya gyara kafin ma in yi tunani. Duk wannan labarin kebul ke cinye shi a hanya, abin da ke isowa sitiyari ɗan kaɗan ne, kuma akwai ɗan wasa a tsakiya, ka motsa shi kamar faɗin yatsu biyu ko uku jirgi bai san ka yi ba. Wasan nan tun yana sabo akwai shi kuma ƙaruwa yake yi da aiki. Sai ka ga kana ta gyara tafiya, ɗan dama ɗan hagu, in ka waiga baya sawun jirgi a kan ruwa a karkace yake, alhali da hannu miƙe yake ɗoɗar.

Sannan sauri. Daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama sitiyarin irin wannan sai ka zagaya shi sau 3 zuwa 4, hannu kuwa turi ɗaya ne. Wanda ke yawo a teku mai faɗi wannan ba zai dame shi ba, mu kuwa a dam muke, in bazara ta yi ruwa ya ja baya kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan dab da sama, wani ba ka ganin shi sai ka zo kansa, ga ragar masunta ko'ina an kafa ta da gora ko jarka ko ma robar ruwa kawai a matsayin alama. Ga kuma hadarin farkon damina, wanda ke aiki a Zobe ya san yadda iska ke tasowa kafin ruwan sama, cikin ɗan lokaci dam ya rikice igiyar ruwa ta riƙa zuwa gajeru a jere, a irin wannan lokacin kowace igiya sai ka tare ta da kusurwar hanci ka rage wuta ka ƙara, da hannu juyi da totur duk a tafi ɗaya suke, murɗawa kawai. Da sitiyari hannu ɗaya na zagaye ɗaya na kan totur, kuma kullum kana ɗan makara. An taɓa rutsa ni da iska a cikin mai sitiyarin da mutane a ciki, mun fita lafiya alhamdulillahi, amma tun daga ranar in na ga gabas ta haɗe ɗayan jirgin nake ɗauka.

Tsayawa a gaɓa ma haka, babu wani dandamali da aka gina mana, laka ce da duwatsu da kwale-kwalen mutane a jere, sai ka kutsa tsakani a hankali ka ba da ribas ka ɗaga inji kafin ya taɓa ƙasa. In kana baya duk wannan a gabanka yake, ka miƙa hannu ka ɗaga. In kana tsakiya sai ka bar sitiyari ka tsallake buhuna da ƙafafun mutane kana a yi haƙuri Baba, a yi haƙuri Inna, kafin ka isa. Injinmu kuma na igiya ne ba na makulli ba, ko mutuwa ya yi a tsakiyar ruwa sai ka koma baya ka matsa famfon mai ka ja igiya ka dawo, raga ta naɗe farfela ka koma baya. A ƙarshe dai sai da aka ajiye yaro a baya saboda wannan, aikin mutum ɗaya ya koma na biyu.

Wurin da teburin ya ci ma ba kaɗan ba ne, daidai tsakiyar jirgi inda ya fi faɗi kuma inda ya kamata kaya masu nauyi su zauna. Ranar kasuwa ana jin rashinsa.

Sai hunturu. Ƙarfen bakin kebul yana shiga yana fita ne ta cikin wani bututu a jikin inji, ana shafa mashi giris, to ƙurar hunturu in ta haɗu da giris ɗin da danshin ruwa sai ta zama wani abu mai kauri ta daskare, kwana kaɗan in jirgi bai fita ba sai ka zo da safe sitiyari ya ƙi motsi, in ka matsa mashi da ƙarfi haƙoran cikin akwatin ne za su ci. Namu ya yi haka, sai da muka kwance muka zare ƙarfen muka wanke bututun tas muka sa sabon giris irin na jiragen ruwa. Yanzu na mai da shi al'ada, ina goge shi ina juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe ko ba za a fita ba, ina rufe shi da tsumma. Wannan ba laifin masu ƙera shi ba ne, haka abin yake, amma aiki ne da aka ƙara maka wanda da ba ka da shi. Kuma in kebul ya tsinke daga ciki ba a gyara shi, sabo ake saye, ba kuwa za ka same shi a Dutsin-ma ba, sai ka jira Legas ko Fatakwal jirgi na ajiye. Hannun inji fa, in ya samu matsala wayar totur ce ko wani noti, bakaniken da ke gyara injin ban ruwa ko babur zai duba maka kafin la'asar.

Ba a Zobe na fara jin wannan gardamar ba. Na yi zama a Legas ina aikin wanki da kula da jirage, a nan na san jiragen nan masu ƙyalle waɗanda iska ke turawa, irin waɗanda ake gani wajen Lagos Yacht Club, kulob ɗin da ke nan tun 1932, suna fita ta wajen Tarkwa Bay. Su ba inji ke juya su ba, wani allo ne a tsaye cikin ruwa a ƙarƙashin bayan jirgin, shi ake karkatawa. Ƙananan sanda ce kawai aka ɗaura a kan sandar allon ka riƙe, manyan kuma sitiyari ne a kan wani turke, sarƙa a ciki, wayoyin ƙarfe su bi ta kan ƙananan tayoyi su je su ja wani ƙarfe mai siffar rabin faifai da ke kan allon. Maigidan da na yi ma aiki nashi ƙarami ne na kwana biyu ko uku a ruwa, sanda gare shi, kuma abokansa sun sha ce mashi ya sa sitiyari ya ƙi. Dalilinsa shi ne nawa na yau. Jirgi mai ƙyalle in iska ta yi ƙarfi kuma ƙyallen da ka shimfiɗa ya yi yawa, yakan kwanta gefe ya riƙa neman juya hanci ya fuskanci iskar, sandar sai ta yi nauyi tana fizgar hannunka, wannan fizgar ita ke gaya maka lokacin rage ƙyalle ya yi. Shi ya fara ɗora hannuna a kai ya ce in rufe ido in gaya mashi ta ina iska ke zuwa, kuma wallahi ana ganewa.

Ga wurin zama, a irin jirgin nan wurin zaman baya ɗan ƙarami ne, in an tsaya an jefa anga sai a ɗaga sandar sama a jingine ta wuri ya buɗe a ci abinci a yi salla, turken sitiyari kuwa yana nan daram dare da rana. Na'urar da ke riƙe tuƙi da kanta ma ta sanda ta fi araha da sauƙi, irin su Raymarine ST1000 ko Simrad TP10, ɗan dogon abu ne ka maƙala gefe ɗaya a benci gefe ɗaya a sanda ka ba shi wuta daga batir. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne duk jirgi mai ƙyalle da ke da sitiyari in dai mai shi ya san abin da yake, za ka tarar da sandar ko-ta-kwana a ajiye, akwai wani murfi a ƙasa da ake buɗewa a zura ta a kan allon in waya ta tsinke. Mai sanda kuwa ba ya ajiye sitiyarin ko-ta-kwana.

Su masu abin lissafinsu shi ne jirgin da bai kai ƙafa 30 ba, wajen mita 9, sanda ta ishe shi, in ya wuce haka ya yi nauyi allon ya girma ƙarfin ruwa ya fi ƙarfin dantse, a nan sitiyari ke da amfani don haƙora da sarƙa na ninka ƙarfinka. Ko wannan ma ba doka ba ce, jiragen tseren Vendée Globe da ake tashi daga Faransa tun 1989, mutum ɗaya ya zagaye duniya ba tsayawa, ƙafa 60 ne tsawonsu kuma da yawansu sanda ce. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Masar ma in sun je Aswan ko Luksor sun ga jiragen kogin Nilu masu ƙyalle, dattijo na zaune da ƙatuwar sandar katako, wani lokacin da ƙafa ma yake tura ta.

Masu cewa hannu na gajiyar da kafaɗa, gaskiya ne yana yi, amma sau da yawa ba laifin hannun ba ne, saiti ne ba a yi ba. Farfela gefe ɗaya take juyawa, shi ya sa inji ke ja gefe. A ƙasan injin daidai saman farfela akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙaramar wutsiya da noti ɗaya ke riƙe da shi, in jirginka na ja dama ka sassauta notin ka karkata bayan ƙarfen zuwa dama kaɗan, in hagu yake ja ka kai shi hagu, ka ɗaure ka gwada, da kaɗan-kaɗan har sai ka ji ya daidaita a gudun da ka fi yi. Akwai kuma abin matse wuyan inji don kar ya riƙa lilo, a matse shi daidai ba har ya ƙage ba. Mutane da yawa a bakin ruwan nan ba su taɓa taɓa waɗannan biyun ba tun da suka sayi inji. Matsalar hanci na ɗagawa kuma, a mayar da tanki da kaya gaba, ko a ƙara ma hannun tsawo, akwai na sayarwa akwai kuma masu yi da bututun roba mai kauri, sai dai in ka yi haka ka tabbata ya kama gam kuma kana iya kashe inji daga inda kake zaune.

Wannan ya kawo ni kan jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke zuwa da inji, wadda in an fizge ta inji ke mutuwa. Ko hannu kake ko sitiyari ka ɗaura ta a jikinka, a hannu ko a ƙafa ko a riga. Yawancinmu a jikin inji muke naɗe ta mu manta. In direba ya faɗa ruwa inji na gudu, jirgin zagaye yake yi ya dawo kansa da farfela, a Amurka tun 2021 doka ce a ɗaura ta a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba. Wanda zai sa sitiyari ya tambaya ko akwatin totur ɗin na da wurin igiyar, don in tana can baya kai kana tsakiya to kamar babu ita ne.

Abin da ya fi ci mani rai a duk lamarin shi ne kuɗin. Abin da aka kashe kan sitiyari da akwatin totur da kafinta da kuɗin mota ya isa a saya ma duk wanda zai shiga jirgin rigar ruwa, manya da yara. Ba mu manta da Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021 a dam ɗin Watari can jihar Kano, jirgi ya kife da mutane galibi yara 'yan Islamiyya a hanyar zuwa Maulidi, sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Abin da aka yi ta faɗa a lokacin shi ne lodi ya yi yawa kuma babu riguna. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa da ke da hedkwata a Lokoja, kullum maganarta ke nan, rigar ruwa, kar a yi lodi fiye da ƙima, kar a yi tafiyar dare. Ni ba zan iya ce ma mai jirgin da bai cika rigunansa ba ya je ya sayi sitiyari ba, ko a Zobe yake ko Jibiya ko Ajiwa ko can Sabke da Daberam wajen Daura. Na faɗa ma Kawu haka cikin ladabi bayan sallar isha'i muna zaune ƙofar gida, ya yi shiru sannan ya ce, "Ka yi gaskiya ɗana, a nemo rigunan," kuma an sayo, Allah ya saka mashi da alheri.

Wanda zan ce ya saya shi ne mai inji babba, doki 60 zuwa sama, don a nan riƙe hannu ya fara zama kokawa kuma kuskure kaɗan na iya watsar da mutane, ko mai dogon jirgi mai rumfa wanda daga baya ba a hango gaba, ko wanda aikinsa yawo da baƙi ne kawai ba kaya ba raga. Shi ma in zai yi, ya fi mashi ya sayi injin da ya fito daga kamfani a shirye don sitiyari mai tashi da makulli, maimakon ya sayi na hannu ya zo yana sauyawa. A injin Yamaha haruffan da ke bayan lamba suna faɗa maka, namu E40XMHL ne, M na nufin da igiya ake tashinsa, H mai hannu ne, L doguwar ƙafa ta inci 20, to in ka ga MH ka san an yi shi ne don a zauna kusa da shi. Ya kuma nemi akwatin sitiyari irin wanda ke riƙe inji inda ka bar shi ba ya bari ƙarfin farfela ya dawo maka hannu, ya fi tsada amma araha ba ta ado, sannan ya sa mai shago ya rubuto mashi duk abin da ake buƙata da kuɗinsa a takarda ɗaya kafin ya biya ko kwabo.

Namu yana nan ba mu cire ba, tun da an riga an kashe kuɗi, shi ke fita da baƙi ranakun sallah da ƙarshen mako in ruwa ya kwanta. Hannun injin ma ban bari an kwance shi ba, yana nan a jiki a naɗe sama, kuma akwai sifana biyu a cikin leda ƙarƙashin bencin baya daidai da notin ƙarfen haɗi, in kebul ya ƙi a tsakiyar ruwa a kwance noti ɗaya a sauke hannu a juya da shi a dawo gaɓa, na nuna ma yaron yadda ake yi har ya iya. Kawu na maganar ƙaro jirgi na uku bayan kaka in Allah ya kai mu, na katako za a sassaƙa a sa mashi doki 15, shi kam mun riga mun yi magana da hannunsa za a bar shi.